Tsayar da Tatsuniya a Inda Ta Ƙulle: Jagora Ga Malaman Ajin Nazare

Kurakurai biyu ne sababbin malaman nazare ke faɗawa ciki da zarar an ce su koyar da yara ta hanyar labari da wasan kwaikwayo. Na farko, su mai da abin shirin bikin yaye ɗalibai. A zaɓi yara shida masu baki, a ɗora musu hadda, a yi ta maimaitawa makonni, sauran ajin na zaune suna hamma. Na biyu, a kwararo tatsuniya tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" har "ƙurungus", sannan a rufe da tambayar da kowa ya san amsarta: "Yara, wane darasi muka koya?" Su amsa baki ɗaya, "Kada mu yi ƙarya!" Malama ta ji daɗi, a tashi tara.

Duk cikin biyun babu inda yaro ya yi tunani. A na farko marubucin wasan ne ya warware matsalar, a na biyu Gizo ne, ko malama. Ganin abin ya ƙi ƙarewa ya sa na rubuta wannan jagora. Da ke nake magana, malama, don yawancin masu riƙe waɗannan azuzuwa mata ne, amma malam ma ya ɗauka da shi nake.

Abin da ake so ɗan shekara uku zuwa biyar ya samu abu uku ne: ya gane mece ce matsalar, ya iya kawo hanya fiye da ɗaya, ya kuma iya hango abin da zai biyo bayan kowace hanya. Wasu masana halayyar yara biyu, Myrna Shure da George Spivack, sun yi aiki da 'yan shekara huɗu a birnin Filadelfiya na Amurka a shekarun 1970, suka nuna cewa ana iya koyar da waɗannan abubuwa, kuma yaran da suka koya sun fi iya zama da 'yan'uwansu. Abin lura a tsarinsu shi ne babba ba ya faɗa wa yaro abin da zai yi. Tambaya kawai yake yi. Tsarin Ilimi na Ƙasa a Nijeriya ma ya tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, don haka ba wani abu za ki shigo da shi ta bayan gida ba.

Kayan aiki

- Tabarma babba ɗaya, ko alli da za ki zana fili mai kusurwa huɗu a ƙasa. Wannan shi ne dandali.
- Tsofaffin ɗankwali ko gyale biyu zuwa uku, masu launi daban-daban.
- Kwali, ƙwarya, faifai, ludayi. Iyakarsu ke nan.
- Ƙaramar ganga ko gwangwani da za a buga a tsayar da wasa.
- Littafin rubutu da biro, naki ke kaɗai.
- Minti ashirin zuwa ashirin da biyar, sau biyu ko uku a mako, da safe kafin yunwa ta fara magana.

Kada ki sayi kayan wasan kanti don wannan aiki. Lev Vygotsky, masanin nan na Rasha, ya yi bayani tun 1933 cewa lokacin da yaro ya hau sanda ya ce doki ne, ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani, kuma wannan shi ne tushen tunani mai zurfi. Duk wanda ya taɓa sukuwa a kan dokin kara ya san abin da mutumin ke nufi. Motar roba mota ce kawai. Kwali kuwa yau kwale-kwale ne, gobe shago, jibi akurki. Duk lokacin da yaro ya yanke shawarar abin da kwalin zai zama, ya riga ya warware wata 'yar matsala.

Mataki na 1: Zaɓi labari mai ƙulli

Ba kowace tatsuniya ce ta dace ba. Wadda ake nema ita ce mai ɗan wasa ɗaya da yara za su tausaya wa, yana son abu ɗaya, wani abu ya tare shi, kuma mafitar ba ɗaya ba ce. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka fi mantawa. Idan amsa ɗaya ce, to kacici-kacici ne, kuma yaro ɗaya mai saurin baki zai cinye shi ya bar saura.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Kaza ta tsallaka da 'yan tsakinta hayin rafi kiwo, lokacin rafin a bushe yake. Aka yi ruwa a gabas, rafi ya kawo. Ga magariba ta ƙarato, ga akurkinsu can ƙetare. Shi ke nan labarin.

Tatsuniyoyinmu na gado cike suke da irin wannan ƙulli, kuma littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun tattara da yawa. Sai dai ki tace. Yawancin dabarun Gizo cuta ce da ha'inci. Ban ce a kore shi daga aji ba, don babu wanda yara ke so kamarsa, amma in ya shigo, a bi dabararsa har a ga abin da ta jawo wa Ƙoƙi da wanda aka cuta. Shi kuwa tsohon wasan ƙwaƙwalwar nan na mai ƙetarar da kura da akuya da harawa a kwale-kwale ɗaya, ki ajiye wa 'yan firamare. Ya fi ƙarfin ɗan shekara huɗu.

Mataki na 2: Kafa dandali da dokarsa

Yara su zauna a gefen tabarma, su kewaye ta. Doka uku ce, a faɗe su kullum har su zauna: wanda ke kan tabarma shi ke wasa, in ganga ta yi ƙara kowa ya daskare, ba a dukan jikin kowa, ko faɗa ake kwaikwayo, iska ake duka. Iyakar tabarmar na da muhimmanci fiye da yadda ake zato, don ita ke nuna wa ƙaramin yaro inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Wanda ya zama muzuru a kan tabarma ya san in ya sauko ya koma kansa.

In ajinki ya kai yara hamsin, kamar yadda yake a makarantun gwamnati da dama, ki raba su biyu ko uku ki riƙa juyawa. In babu mai taimaka miki, ki ba waɗanda ke zaune aiki: su ne ruwan sama da yatsunsu, su ne iska, su ne kwaɗi. Yaron da ke kukan kwaɗo ba ya samun sukunin mintsinin maƙwabcinsa.

Mataki na 3: Ba da labarin da baki, ki tsaya a ƙulli

Ki ajiye littafi, ki zauna ƙasa daidai tsayinsu, ki ba da labarin da harshen da suka tashi da shi. Yaron da ke fama da neman kalmar Turanci ba shi da sauran ƙarfin neman dabara. Ki buɗe da "ga ta nan", su amsa "ta zo mu ji ta", domin amsawar na shigar da su cikin labarin tun daga bakin ƙofa. Kada ya wuce minti huɗu. Da kin kai inda kaza ta tsaya bakin ruwa, 'yan tsaki na kuka, sai ki buga ganga.

Kafin ki nemi mafita, ki tambaya: "Me ya sami kaza?" Za ki sha mamakin amsoshi. Wani zai ce ta jiƙe, wata ta ce yunwa take ji, wani ya ce babansu ya tafi kasuwa. Ki bi su a hankali har ajin ya yarda cewa tana son komawa gida ne ruwa ya tare ta. Masu gaggawa kan tsallake wannan, sai a yi ta kawo magani ga ciwon da ba shi ne ba.

Mataki na 4: Tara hanyoyi, ki kame bakinki

Nan ne aikin yake, nan ne kuma malamai suka fi faɗuwa.

Ki ce, "To, yaya za ta yi?" Sannan ki yi shiru. Ki ƙirga goma a zuci. Shirun zai yi miki nauyi, za ki ji kamar ajin ya mutu, amma ƙananan yara na buƙatar wannan lokaci su haɗa magana. Malamar da ta cike shirun da "ko ta nemi agwagwa ta taimake ta?" ta zama uwar da ke tauna wa yaro abinci bayan ya yi haƙora.

Da amsa ta fara zuwa, ki maimaita ta yadda aka faɗa, ki zana 'yar alamarta a allo, ki ce, "Wannan hanya ɗaya ke nan. Wa ke da wata daban?" Kada ki ce "madalla" ga wata ki yi shiru ga wata. Yara sun fi kowa iya karanta fuska. Da sun ga wadda ta sa ki murmushi, neman mafita ya ƙare, an koma neman yardar Malama. Haka nan kada ki ce "a'a". In yaro ya ce kaza ta hau jirgin sama, ki zana jirgin. In wata ta ce ta kira mamanta a waya, ki zana wayar. Wanda aka yi wa dariya yau ba zai ɗaga hannu gobe ba, kuma sau da yawa amsar da ta yi kama da shirme ce ke buɗe wa wani ƙofa: daga jirgin sama ake zuwa ga shamuwa.

Ki lura da bambanci tsakanin sabuwar hanya da tsohuwa da ta sake riga. "Agwagwa ta goya su", "kada ya goya su", "kifi ya goya su" duk hanya ɗaya ce: a nemi mai iyo. Ki faɗa musu haka ba tare da kushe ba: "Waɗannan duka goyo ne. Akwai abin da za a yi wanda ba goyo ba?" A nan ne ake samun mai cewa a sa gungume a yi gada, da mai cewa su hau bishiya su kwana, da mai cewa su jira ruwa ya janye. Shure da Spivack sun ba da ƙarfi a kan ƙananan kalmomi irin su "iri ɗaya" da "daban", "ko", "idan" da "to", "kafin" da "bayan", don da su ake ɗaukar tunani. Ki riƙa jefa su cikin maganarki da gangan.

Hanya uku ko huɗu sun isa ga 'yan shekara huɗu. 'Yan shekara uku, biyu ma an gode.

Mataki na 5: A gwada kowace hanya a kan tabarma

Ki shimfiɗa gyale a tsakiya, ya zama rafi. Ki raba matsayi ta bin layin zama, ba ta zaɓen wanda ya fi iyawa ba: na farko kaza, uku na gaba 'yan tsaki, mai bi musu agwagwa. Wanda ya ce ba ya so, a wuce shi ba tare da lallashi ba. Wasu yara kan yi makonni suna kallo kafin su taka tabarma, kuma kallon ma koyo ne. Babu gwaji, babu hadda, babu gyaran "ba haka kaza ke tafiya ba".

Amfanin wasan a nan shi ne ƙaramin yaro ba ya iya riƙe "idan aka yi kaza, kaza zai faru" a ka kawai, amma yana iya gani da jikinsa. Agwagwa ta zo ɗaukar 'yan tsaki, sai ki buga ganga ki tambaya: "Bayanta zai ɗauki nawa?" Su ce ɗaya. "To wa zai fara? In ta kai shi can ta dawo, wa ke tare da shi?" Ga sabuwar matsala ta fito daga cikin maganin, kuma su suka gano ta. Haka za a yi wa gada: gungumen ya yi wa kaza nauyi, wa za a kira? Haka za a yi wa kwana a bishiya: 'yan tsaki sun iya hawa? Ko jirgin saman ma a gwada shi, a ga inda zai sauka.

Ki bar hanya ta lalace in za ta lalace. Malamai masu tausayi kan yi saurin ceto wasan don kada yaro ya ji kunya, alhali ganin dabara ta rushe a inda babu wanda ya ji ciwo, sannan a sake wata, shi ne babban abin da ake nema. Kada kuma ki raina mai cewa a jira ruwa ya janye. A garuruwan da rafi ke cin yara duk damina, babu amsar da ta fi tasa.

Mataki na 6: Shiga wasan a matsayin mai neman taimako

Wannan dabara ta Dorothy Heathcote ce, 'yar Ingila da ta fara aiki a masaƙa tana da shekara 14, daga baya ta koyar da malamai a Jami'ar Newcastle. Ita takan shiga wasan da kanta, ta ba yara matsayin masana, ita kuma ta zama wadda ba ta sani ba. Ki yafa ɗankwali ki zama tsohuwa mai kajin, kin fito nema da fitila: "Wayyo ni, jikokina, kajina ba su dawo ba. Ku da kuka san dajin nan, ina zan fara dubawa?" Yaron da bai taɓa ba Malama amsa ba zai ba Kaka shawara, don Kaka ba ta riƙe da jan biro. Kada ki ɗauki matsayin sarki ko alƙali, domin hukunci zai sake dawowa hannunki. In kin cire ɗankwalin a gabansu, sun san Malama ta dawo.

Mataki na 7: Karɓi labarin yaran kansu

Bayan 'yan makonni, ki juya abin. Vivian Paley, wadda ta shafe shekaru tana koyar da ƙananan yara a makarantar gwaji ta Jami'ar Chicago, ta rasu a 2019, ta shahara da wannan tsari: yaro ya zauna kusa da malama ya faɗi labarinsa, ta rubuta kalma bayan kalma yadda ya faɗa, ba gyara, sannan a ranar ajin ya kwaikwayi labarin, mai labarin ya zaɓi matsayin da yake so. Masu bin tafarkinta kan taƙaita labarin ga shafi ƙarami guda, don kowa ya samu layi. Labarin ɗan shekara uku na iya zama "Mota. Ta faɗi." A rubuta, a yi wasansa da mutunci.

Matsalolin da ke tasowa a nan na gaske ne. Labari ya ce giwa ta shiga kwalba: yaya za mu nuna haka a kan tabarma? Ana buƙatar gida, babu gida: mutum nawa za su haɗa hannu su zama ɗaki? Kada ki amsa. Ki tambayi mai labarin, in ya rasa ya tambayi 'yan'uwansa.

Abubuwan da za a kiyaye

Na jiki tukuna. Babu leda a ka, babu igiya ko gyale a wuya, babu sanda mai tsini. Kada ki kawo wake, tsakuwa ko ƙwallon dabino a matsayin kuɗin wasa, don hanci da kunne suke ƙarewa. Dodo da rufe fuska ba na 'yan shekara uku ba ne, domin har yanzu ba su gama raba wasa da gaskiya ba, kuma tsoron na bin su gida.

Kada yaro ɗaya ya zama Kura kullum, sunan zai bi shi filin wasa. An san Gizo da tsamin baki, don haka in akwai mai in'ina ko tsamin baki a ajin, ki bar kwaikwayon muryar gaba ɗaya.

Akwai mai nauyi. A yankunan da suka ga harin 'yan bindiga ko gudun hijira, bindiga da satar mutane za su fito a labaran yara ko kin so ko ba ki so. Kada ki tsawatar, kada kuma ki tona da tambayoyi. Ki rubuta, ki saurara. In za a yi wasan, ki karkata shi wajen masu taimako da wurin tsira, kuma kada ki sa wani yaro ya zama wanda aka kama. In labari ya nuna ana cutar da yaron a gida ko a unguwa, wannan ba na tabarma ba ne. Ki rubuta shi yadda ya faɗa, ki kai wa shugabar makaranta a ranar.

Iyaye kuma za su zo. Wani zai ce ya biya kuɗin makaranta ne don a koya wa ɗansa ABCD, ba tashe ba. Wata kaka za ta tuna miki ba a tatsuniya da rana. Kada ki yi musu. Ki gayyace su su zauna a bayan aji na minti ashirin, kuma ki kiyaye abin da zai ɓata musu rai ba gaira ba dalili, kamar sa wa namiji kayan mata.

Yadda za ki san ana ci gaba

Ba a jarraba wannan da takarda. Bayan kowane zama ki rubuta layi biyu ko uku a littafinki: hanyoyi nawa mabambanta aka kawo, wa ya yi magana yau wanda bai saba ba, wa ya ce "idan" ko "saboda" da kansa. A farkon zango yawanci amsa ɗaya za ki ji, sauran su maimaita ta. In ana yi a kai a kai, za ki fara jin yaro na ce wa ɗan'uwansa "ai an faɗi wannan".

Sauran awon a filin wasa yake. Ranar da biyu suka riƙe lilo ɗaya suna kuka, kada ki raba su da "kai sauka, ke hau". Ki durƙusa ki yi musu tambayoyin da suka saba ji a bakin tabarma: me ya faru, me za a iya yi, me kuma, in an yi haka sai me? A karon farko zai ci miki minti biyar maimakon daƙiƙa goma, kuma mai yiwuwa su zaɓi hanyar da ke ba za ki zaɓa ba, kamar su bar lilon duka su tafi wasan ƙasa. In babu cutarwa a ciki, ki bar su a kan abin da suka zaɓa, ki rubuta a littafin.